Dukan Asuba a Gidan Baba Zacharias

Shekara uku ke nan Abdulmajeed yana dukan matarsa kullum da asuba, kuma ran da ya makara ita ce take tashinsa. Kafin ya dawo daga masallaci Saudatu ta shanye kofi biyu na ruwan ɗumi, ta jera matasai uku a tsakiyar gado ta kife a kansu, ƙugu a sama kai a ƙasa. Shi kuma ya cire agogo, ya naɗe hannun jallabiya, ya lanƙwasa tafukansa kamar mai shirin ɗiban ruwa, ya shiga buga mata baya. Minti goma a dama, minti goma a hagu. Babu zafi ko kaɗan, wani lokacin ma har gyangyaɗi take yi. Amma ƙarar kam sai wanda ya ji, sai ka rantse rumfar masu bugun shadda aka buɗe a ɗakin.

In ya gama sai ta tashi zaune, ta ja numfashi a hankali ta riƙe, ta huro shi da baki a buɗe, sau uku ko huɗu, sannan tarin ya zo. Tari ne mai nauyi daga can ƙasan ƙirji, wanda yake sa ta hawaye ya bar mata ido jawur. Abin da ya fito ta tara shi a wata 'yar roba mai murfi, ta duba launinsa kamar yadda aka koya mata, ta kai ban ɗaki ta wanke. Daga nan ta zama mutum. Ta yi wanka, ta soya ƙwai, ta tsokani mijinta a kan yadda yake kafa hula a karkace, ta hau kekenta na ɗinkin labule ta wuni, ba wanda zai ce tana da wani abu.

Ciwon yana da suna, dogo mai wuyar faɗi, bronchiectasis. Wata likitar ƙirji ce a nan Abuja ta rubuta musu shi a takarda, bayan an ɗauki hoton huhun Saudatu a na'urar nan da ake tura mutum ciki yana kwance. Ta ce ƙyandar da Saudatu ta yi tana 'yar shekara huɗu ce ta sauka a ƙirji, ta bar hanyoyin iska sun buɗe sun saki kamar tsohuwar robar siket. Kaki yana taruwa a cikinsu ba ya iya fita da kansa. In ya kwana biyu a ciki sai ya lalace, zazzaɓi ya biyo baya, kowane zazzaɓi kuma yana tafiya da wani abu daga lafiyar huhun da ta rage. Ba ya warkewa, in ji likitar, amma ba a ɗaukarsa, kuma mutum zai iya tsufa da shi muddin ba ya barin ƙirjinsa ya wuni a cike. Ita ce ta sa aka koya wa Abdulmajeed bugun.

Saudatu ta yi kuka a ranar, na daɗi da na haushi a haɗe. Kafin wannan takarda, sau biyu ana ɗora ta a kan maganin tarin tibi a garinsu Funtuwa, wata shida-shida, ba tare da an taɓa ganin ƙwayar tibi a kakinta ba. Maganin bai dame ta kamar mutane ba. Ta ga yadda ƙawarta ta makaranta ta karɓe jariri daga hannunta tana murmushi, wai kada ya yi mata fitsari. Ta ga yadda wuri yake yalwata a gefenta a gidan biki, komai cikar tabarma. Ba wanda ya taɓa gaya mata baƙar magana, a'a, kowa sannu yake yi mata, daga nesa. Saboda haka tun a motar da ta dawo da su daga asibiti ta sa Abdulmajeed ya yi mata alkawari cewa a garin nan ba mai ji daga bakinsa. Ta san mutane. Ka ce musu ba tibi ba ne, su ce Allah ya sawwaƙe, su ƙara matsawa.

A unguwar Durumi suke haya, ciki da falo, a gidan Baba Zacharias, wani dattijon Gbagyi manomin doya wanda birni ya zo ya same shi a gonarsa. Albashin Abdulmajeed na ma'aikatar tarayya ba ya kai shi cikin gari, nan ɗin ma sa'a suka yi. Ƙanwar Baba, Magdalene, gwauruwa mai shekara hamsin da ɗoriya, ita ce mai teburin kayan marmari a ƙofar gida. Ranar Talata da Juma'a take sammako zuwa kasuwar Zuba ta saro lemo da kankana da abarba. Mace ce mai faɗin kafaɗa da ƙarar murya, ba ta da kawaici ko na sisi, kuma tun satin farko ta ɗauki Saudatu 'ya. Da la'asar sukan zauna a bayan teburin, Magdalene ta yanka abarbar da ta fara laushi, su ci a faranti ɗaya suna gulmar 'yan haya. Saudatu ba ta taɓa faɗa ba, amma wannan zaman shi ne abin da ta fi so a Abuja gaba ɗaya.

To, a shekarar 2010 garin ya yi cikar da ko akurkin kaji ka sa wa ƙofa sai ka samu ɗan haya. Baba ya ba wasu samari biyu ma'aikatan banki ɗakin Magdalene, ita kuma aka gyara mata sito ta koma. Siton nan bango ɗaya yake da ɗakin kwanan su Saudatu, bangon ma bai kai rufi ba, silin ne kawai ya rufa masa asiri. Shekara uku buhunan masara ne suke sauraron bugun asuba, ba su taɓa cewa komai ba. Yanzu kuwa Magdalene ce.

Abin da Saudatu ta fara lura da shi, Magdalene ta daina amsa gaisuwar Abdulmajeed. In ya ce “Mama, ina kwana,” sai ta duƙufa a kan jera lemo kamar lemon zai gudu. Bayan kwana biyu ta miƙo wa Saudatu kwalbar man zafi ba tare da an tambaye ta ba. A rana ta huɗu ta kasa daurewa.

“Sauda, zo nan. Ni ba yaro ba ne fa. Wannan mijin ka, me ka yi masa?”

“Me kika gani, Mama?”

“Ba gani ba, ji! Every morning, gib, gib, gib. Ya gama ka fara kuka, ka fito da ido ja. Kuma yana dawowa daga salla ne fa yana yi. Wane irin mutum ke nan?”

Gaban Saudatu ya faɗi, sai kuma dariya ta kubce mata, wadda ita ce ta ƙara ɓata lamarin. Ta ce wallahi Malam bai taɓa dukanta ba, ƙila katifa yake kakkaɓewa. Magdalene ta dube ta daga sama har ƙasa. Ta yi shekara goma sha ɗaya da miji mai saurin hannu, ita ma ta sha cewa katifa ce.

Da a nan Saudatu ta faɗi gaskiya, da an huta. Maganar ta zo mata har baki. Sai ta dubi farantin abarbar da ke tsakaninsu, da cokali mai yatsu guda ɗaya da suke karɓa-karɓa da shi, ta haɗiye abinta. Washegari kuma tsautsayi ya sa tarin ya zo da ɗan zaren jini, abin da yakan faru jefi-jefi, Magdalene kuwa ta tarar da ita a bakin famfo tana wanke jinin daga hankici.

Ranar Asabar da hantsi Baba Zacharias ya aika a kira su gindin mangwaron tsakar gida. Baba yana da doka guda a gidansa wadda kowa ya sani: ka sha giyarka, ka kunna janaretonka, ka makara da kuɗin haya, duk za a iya zama, amma ba a dukan mace. Ya taɓa fitar da kayan wani ɗan sanda waje a kan haka, da hannunsa. Ya zauna a kujerarsa ta katako, Magdalene tana tsaye a bayansa ta harɗe hannu, 'yan haya kuma kowa ya samo abin wankewa a kusa.

“Malam Majid,” in ji Baba, “ina ganin girmanka. Kai mai ilimi ne, mai salla ne. Ƙanwata ta ji da kunnenta, ta ga jini da idonta. Ba na son dogon zance. Gaskiya ne kana ɗora hannu a kan yarinyar nan kullum da safe?”

Abdulmajeed ya juyo ya dubi matarsa. Ba kallon roƙo ba ne, tambaya ce kawai. Saudatu ta kafa idonta a kan wani ɗanyen mangwaro da ya faɗo kusa da ƙafarta, bakinta ya mutu murus. Ya jira ta har shirun ya yi tsawo. Sannan ya sunkuyar da kai.

“Gaskiya ne, Baba.”

“To daga yau ya ƙare. In na ƙara ji, ko sau ɗaya, ka nemi wani gida.”

“Na ji, Baba. Ba za a ƙara ji ba.”

Wani daga cikin masu wanki ya yi tsaki. Magdalene ta zo ta kama hannun Saudatu ta raka ta har ƙofar ɗaki, kamar wadda ta tsamo ta daga rijiya. Saudatu ta shiga, ta zauna a bakin gado, kunya ta rufe ta ruf. Ta so Abdulmajeed ya yi mata faɗa ko ta samu abin riƙewa. Shi kuwa bawan Allah sai ya cire hula ya tambaye ta ko akwai sauran shayi. Akwai irin haƙurin da ya fi zagi ciwo, kuma Abdulmajeed gwani ne a kansa.

Daga ranar gidan duka ya zama kunne. Sun gwada bugun a hankali, a kan tawul, ya zama shafa kawai, bai motsa komai ba. Sun gwada ranar Talata da Magdalene ta tafi Zuba, bugu huɗu ya yi suka ji an buɗe ƙofar samarin banki, ya janye hannunsa. Saudatu ta koma yin numfashin ita kaɗai, tana cusa fuska a matashi in tarin ya zo. Kakin da ke sama yana fita, amma akwai wani lungu a ƙasan hagu wanda ba ya sakin abin da ya riƙe sai an buga masa. Ta san wurin kamar yadda ta san tafin hannunta. Kowace safiya tana jin yana ƙara nauyi.

Shi ma yana shan tasa a waje. Maganar ta riga ta tsallaka titi ta shiga ɗan masallacin layin. Ranar Litinin bayan asuba liman ya yi nasiha a kan kyautata wa mata, ya daɗe yana yi, kowa kuma ya yi ta ƙoƙarin kada ya dubi Abdulmajeed. Mai shagon da suke tafiya tare zuwa bakin titi ya fara fita da wuri. Ba shi ya gaya mata ba, matar mai shagon ce ta zo karɓar labule ta fesa mata, tana yi tana leƙen wuyanta ko za ta ga tabo.

Ranar Laraba da yamma ya dawo ya tarar da ita a kan keke ba ta ɗinki, ta kifa kai a kan yadi. Ya taɓa goshinta, ya je ya buɗe robar ya duba. Abin da ke ciki ya bar fari ya koma kore, har da ɗan wari.

“Sauda,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa saboda bango, “ki bar ni in gaya wa Baba. Shi kaɗai.”

“Baba ya ji, Mama ta ji. Mama ta ji, Durumi ta ji.”

“To su ji mana. Ba a ɗauka.”

“Malam, kai ba ka san yadda ake ji ba. Ba kai aka karɓe wa jariri ba.”

Ya san gaskiya ta faɗa. Can ya ce, “Ni sunana zai iya jira. Ƙirjinki ne ba zai jira ba.”

Ta juya masa baya. Ta san ya fi ta gaskiya, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi.

Da safiyar Alhamis zazzaɓin ya rufe ta sosai. Abdulmajeed ya so ya zauna, ta kore shi, don ranar ce manya za su zo duba ofishinsu. Ya tafi yana waiwaye, ya ce da ya samu sarari zai nemi izini ya zo ya kai ta asibiti. Da gidan ya yi shiru ta jera matasan ta kife, ta ɗauki silifas ta shiga ƙoƙarin buga wa kanta baya. Hannunta ba ya kaiwa wurin. Tana cikin wannan abin tausayi Magdalene ta turo ƙofa da kwanon kunu a hannu, don tun safe ba ta ga 'yarta ta fito ba.

“Yesu na!” Kwanon ya kusa suɓucewa. Ta dire shi, ta taɓa wuyan Saudatu, ta ja hannunta baya. “Jikin ka wuta! I said it, ya fasa maka wani abu a ciki. Kwana biyar bai taɓa ka ba, kana ta lalacewa. Wannan ba maganar Baba ba ne again, police zan kira.” Ta shiga kwance bakin zaninta inda take ɗaure waya.

Saudatu ta hango abin tun daga nan: motar 'yan sanda a ƙofar ma'aikata, Abdulmajeed yana saukowa daga bene a gaban abokan aikinsa, kuma ta san ko a can ba zai buɗe baki ba. Tsoro biyu suka haɗu a ƙirjinta, ɗaya ya danne ɗaya.

“Mama, ajiye wayar nan. Wanke hannunki ki zo.”

“In zo in yi me?”

“Ki dake ni.”

Magdalene ta ɗauka zafin zazzaɓi ne ya taɓa mata kai. Sai da Saudatu ta kamo hannunta, ta lanƙwasa mata yatsu, ta ɗora tafin a kan haƙarƙarinta na hagu ta baya. “Nan. Kada ki taɓa tsakiyar baya. Ki saki wuyan hannu, ɗaya bayan ɗaya, da sauri. Don Allah, Mama, ki yi kawai, zan gaya miki.”

Magdalene ta buga sau ɗaya a tsorace, ta sake, ta sake. Hannun da ya saba jefa kankana daga mota bai daɗe ba ya kama tafiyar. Ƙarar ta cika ɗakin. Ba a yi minti guda ba ta tsaya cak, hannayenta biyu a sama. Ta dubi tafukanta, ta ɗaga kai ta dubi bangon da ɗakinta yake bayansa, ta sake duban tafukan.

“Wannan ne?” ta ce, da wata ƙaramar murya da Saudatu ba ta san tana da ita ba. “Wannan ne nake ji?”

“Shi ne. Ci gaba, Mama, ya fara motsi.”

Ta ci gaba, tana bugu hawaye na sauka a kan rigar Saudatu. Da lungun nan ya saki, Saudatu ta tashi zaune ta jawo robar. Babu lokacin juya baya, babu na korar kowa. Ta yi tari a gaban Magdalene, irin wanda ko mahaifiyarta ba ta bari ta gani, ta fitar da abin kwana biyar, kore, mai kauri, mai wari. Da ya lafa ta rufe robar, ta zauna tana haki, ta faɗi komai a gajarce: ƙyanda, Funtuwa, hoton huhu, alkawarin da ta sa mijinta ya ɗauka. Ba ta ɗaga kai ba. Ƙafafun Magdalene take kallo, tana jiran ta ga sun ja baya.

“Ana ɗauka?”

“Ba a ɗauka.”

“Likita ya faɗa, ko kai ka faɗa?”

“Likita. Takardar tana cikin durowa.”

“Bar takarda, ni ba na karatu.” Magdalene ta share fuska da gefen zani, ta gyara matasan da suka zame. “Wannan side ya gama. Juya, saura ɗayan.”

Saudatu ta juya. Ta kifa fuskarta a katifa ta saki kuka, na gaske wannan karon, irin wanda aka daɗe ana zarginta da yi. Iska tana shiga mata har inda ta kwana biyar ba ta kai ba, jikinta duka ya saki, wani sanyi ya ratsa zuciyarta duk da zazzaɓin. Magdalene kuwa tana bugu tana faɗa: ita wace irin yarinya ce mai taurin kai, ta bari an tsayar da mutumin kirki a gaban 'yan wanki, ta bari ita tsohuwa ta yi zunubi da bakinta. Saudatu ba ta taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Magdalene ta rufe teburinta da buhu, abin da ba ta yi ko ranar Kirsimeti, ta tare tasi ta kai ta asibiti. Likitar ta saurari ƙirjin, ta karɓi kakin don gwaji, ta rubuta maganin sati biyu, ta ce da an ƙara kwana biyu sai dai gado. Da ta tambayi dalilin da ya sa aka daina bugun, matan biyu suka dubi juna. Saudatu ta tura wa Abdulmajeed saƙo cewa ta je asibiti, an ba ta magani, ya zauna ya gama aikinsa. A hanyar dawowa ta ce wa Magdalene ta gaya wa Baba.

Bayan la'asar aka yi sallama a ƙofar falo. Baba Zacharias ne, hularsa a hannu. Bai yarda ya zauna ba.

“'Yata, na yi kuskure babba. Kuma kuskuren bai tsaya a gidan nan ba. Ni da ƙafata na je wurin limaminku ranar Lahadi, na ce ya yi wa mijinki nasiha. Inda na kai maganar, can zan je in ɗauko ta.” Ya juya hular a hannunsa. “Amma in na ce bai dake ki ba, za su ce to ƙarar mece ce, jinin fa? In kin ce kada in faɗa, ba zan faɗa ba. Zan ce na yi kuskure kawai. Wasu su yarda, wasu su ce an rufe ne.”

Saudatu ta ɗaga kai ta dube shi. Ba ta yaudari kanta ba. Ta san a cikin mutum goma da za su ji, ba za a rasa biyu da za su fara yi mata sannu daga nesa ba, ƙila har da masu kawo mata labule. Ta auna abin a ranta, ta tarar yana nan da ciwonsa, amma ya yi sauƙin da za ta iya ɗauka.

“Baba, ka gaya musu duka. Ka ce ciwon ƙirji ne, ba tibi ba, ba a ɗauka, ba ya kuma warkewa. Ka ce abin da ake ji da asuba magani ne, shekara uku yana yi mini bai taɓa fashi ba. Ka ce ni na hana shi faɗa.”

“Wannan na ƙarshen ma?”

“Shi za ka fara faɗa.”

Da aka kira magariba ta yi salla, ta yafa mayafi ta fito ƙofar gida, ta zauna a bencin Magdalene. Daga nan ana hango masallacin a tsallaken titi. Motar ma'aikata takan sauke Abdulmajeed daidai wannan lokaci, kuma ba ya shigowa gida sai ya yi salla. Baba Zacharias ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, yana tsaye a gefen tarin takalma, hannayensa a baya, yana jira a idar da salla.

Aka sallame, mutane suka fara fitowa. Abdulmajeed yana cikin na farko, jakarsa a hammata, yana sauri kamar yadda ya koyi yi a satin nan. Da ya ga Baba sai ya rusuna, ya raɓa gefe zai wuce. Tsohon ya tare shi. Ya karɓi jakar ya ajiye a ƙasa, ya kama hannayensa biyu ya riƙe, ya ɗaga murya ya ce jama'a su dakata, yana da magana.

Saudatu ba ta jin abin da ake cewa saboda ƙarar babura. Ta dai ga mutane sun taru, ta ga liman ya fito yana gyara rawani, ta ga kawuna suna juyowa ɗaya bayan ɗaya zuwa inda take zaune. Ba ta rufe fuska ba. Abdulmajeed ne ya juyo daga ƙarshe, hannayensa har yanzu a cikin na Baba, yana neman ta da ido a tsorace, don yana zaton asirin da ya riƙe mata ne ya tonu ba da saninta ba. Ta miƙe tsaye yadda zai gan ta sosai, ta ɗora hannu a ƙirjinta, ta gyaɗa masa kai. Mutumin da ya sha tsaki da nasiha sati guda bai ce uffan ba, sai ga shi ya sunkuya a gaban jama'ar layin yana goge ido da kafaɗarsa, don Baba ya ƙi sakar masa hannu.